Matar da Ke Sanye da Fuskarki

Zuwa ga Autata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya a duk inda kika shige. Ni da sauƙi, kan da na buga a banɗaki ya daina sara, sai ƙafar hagu da nake ja.

Auta, akwai wata mata a gidan nan. Tun da aka sallamo ni daga asibiti na tarar da ita a ɗakinki, wai ita ce ke. Ban raina ƙoƙarinta ba. Tsayinki ne, wushiryarki ce, har tabon da ƙofar shago ta yi miki a goshi ta samo. Amma ni da na tsufa ina sayar da atamfa, ba a kawo mini jabu in karɓa. Ke in kin shigo ɗaki sanyi nake ji a raina. Wannan kuwa ina kallonta kamar ina kallon bango.

Ita ke yi mini wanka da girki, ba na kai loma sai ta fara ci. Mukullin shago yana ƙarƙashin matashina. Zan ba maƙwabciya wasiƙar nan ta nemo ki. Ki dawo, don Allah.

Mahaifiyarki.

Autata,

Ina gaishe ki, ya gajiya? Na ji daɗin wayar da kika yi mini jiya. Daga sallamarki na san ke ce. Sai dai kin ba ni haushi da kika ce in ci abincin matar nan. Me ta ba ki?

Ta kai ni wurin likitan ƙwaƙwalwa. Ya zana mini kai a takarda. Wai ido in ya ga fuska, ta hanya biyu yake aika saƙo. Ɗaya ta faɗi kamannin wace ce, ɗaya ta ɗauko abin da mutum yake ji game da mai fuskar, sai ƙwaƙwalwa ta haɗa su ta yanke hukunci. Wai faɗuwar ta tsinka mini ta biyun, shi ya sa ƙwaƙwalwata ta ga fuska babu ɗumi, ta ce jabu ce. Hanyar kunne kuwa lafiyarta ƙalau. Na ce masa zanen ya yi kyau. Na kuma lura tun kafin mu zauna suka yi ƙus-ƙus da ita.

Maƙwabciya ma ban yarda da ita ba, da na miƙa mata wasiƙarki sai ta hau share ido. Na kira kawunki, na ce ranar Asabar ya zo ya fitar da matar nan da kayanta. Ya yi ta kame-kame, amma gidana ne. Gara in rarrafa banɗaki ni kaɗai.

Ki kula da kanki.
Mahaifiyarki.

Autata,

Da fatan kin tashi lafiya. Ni ban san yadda na tashi ba.

Jiya da hantsi na ɗana mata tarko. Tana kicin tana wanke-wanke, na kira lambarki don in ji ko wayarki ta sata. Wayar ta yi ƙara a kicin. Na ce yauwa, ɓarauniya ta shiga hannu. Sai aka ɗauka, kika ce, "Umma, ruwa kike so?" Na ji ki a kunnena, na kuma ji ki ta bango.

Na runtse ido don kada in ga abin da zai shigo. Kika taho kina magana, kina jan silifa, jan da na yi ta hana ki tun kina yarinya. Kika zauna a bakin gado. Na lalubi hannunki, duk sabulu ya cinye shi. Ke ce. Ashe ke nake sawa ki ɗanɗana abinci, ke na kira wa kawunki. Na yi kuka, kika yi.

Sannan na buɗe ido, sai ga matar nan riƙe da hannuna. Na fizge. Na ga yadda fuskarta ta yi, kuma ban ji komai ba. Wannan ne ya fi ba ni tsoro.

Na hana kawunki zuwa. Ga mukullin shago cikin ambulan, zan tura ta ƙarƙashin ƙofarki. Ba zan yi miki ƙarya ba, har yanzu idona bai yarda da ke ba, kuma da idon nan na ciyar da ku. Amma daga yau ki riƙa magana tun daga bakin ƙofa, ni kuma zan rufe shi kafin ki shigo. Kada ki yi shiru ko da na yi gyangyaɗi.

Ina kewar fuskarki, Auta.

Mahaifiyarki, daga ɗakin da ke kusa da naki.