Kada a tone kututturen nan

Yaya Neville,

Na wuce aiki kana barci. Jiya na datse itacen furen nan na lambu da malam-buɗe-littafi ke so har iya gwiwa, yadda Baba yake yi duk watan Maris. Bai mutu ba, zai tofo. Ɗazu Gordon maƙwabci ya leƙo ta katanga yana dariya, ya ce, "Yayanki ya ce in zo ƙarfe biyu in tumɓuke mataccen kututturen nan."

Don Allah kada ka bari ya sa shebur a wurin. Bayan an ƙone gawar Baba na ce maka na watsa tokarsa a teku. Ƙarya na yi, na kasa. Tana ƙarƙashin itacen nan.

Ka tare Gordon tukuna, faɗan da za ka yi mini ya jira sai na dawo.

Hilary