Kash, Sa'adiyya

Zuwa ga sanyin idona, inuwata a tsakar rana, Sa'adiyya 'yar Ƙofar Mata. Sallama daga wanda ya gaji, amma bai gaji da ke ba.

Wallahi na gaji, masoyiya. Wata uku ke nan ina fama da injin sabon gidan rediyon nan da aka buɗe tun da soja suka koma bariki. Aikina in rubuta direba, wato umarnin da ke sa kwamfuta ta fahimci katin ɗaukar murya. Har yau Inna Kande, gwaggonki, tana zaton mota nake tuƙawa. Da ma ita ce, ai da na san inda na dosa!

Bari in gaya miki abin da ya ramar da ni. Ƙwaƙwalwar kwamfuta tana da babbar ma'adana, tana kuma da 'yar ƙarama a kusa da ita, kamar aljihu, inda take ajiye kwafin abin da ta saba dubawa don kada ta riƙa wahalar zuwa nesa. Kin san sunan wannan aljihu a wurin masu sana'armu? Kash. Na rantse, haka ake kiransa, kamar wanda ya raɗa sunan ya san ni. Shi kuwa katin murya ba ya neman izinin kowa, kai tsaye yake zuba abinsa a babbar ma'adana. Sai mai labarai ya karanta na yau, inji ya fito da guntun na jiya. Ba ƙarya ya yi ba, aljihunsa ya duba, bai san an canja komai ba.

Shekaranjiya na gano matsalar, na dawo gida Dala ina murna. Ina cire takalmi Hajiyarmu ta tambaye ni me zan kai miki na sallama. Wace sallama? Ashe yayanki Salihu ya zo kwana tara da suka wuce bai same ni ba, ya shaida mata kin sami makarantar ungozoma, ranar Asabar za ki bar Kano, kuma kin ce kin daina jiran wanda ba ya zuwa. Ita ta ɗauka na sani. Kwana tara maganar tana zaune a gidanmu, ni ina yawo da tsohon labari a ƙirji!

Kin tuna ranar da muka tsaya a bakin marina, gyalenki ya taɓa ruwan baba, gefensa ya yi shuɗi, kika ƙi wankewa? Ranar kika ce za ki jira ni in tsaya da ƙafafuna. Shekara biyu ke nan. Na ɗauki wannan kalma na sa a aljihun zuciya, kullum ita nake dubawa, ban sake zuwa zaurenku na ji ko tana nan yadda take ba. Wane irin sakarci ne wannan, ya hasken safiyata? Ni da ake biya don in hana inji wannan kuskure?

Akwai kuma ɗaya laifin, shi ya fi ci mini rai. Wani lokaci ƙwaƙwalwa takan rubuta sabon abu ta bar shi a aljihu, kati ya je ma'adana ya tarar babu. Haka na yi miki. Son da nake miki ya ninka na da, amma a cikina ya tsaya, kika duba ba ki ga komai ba. To ga shi na fitar: ina son ki, Sa'adiyya, son da ke hana ni jin daɗin abinci.

Ba zan ce ki fasa karatu ba, Allah ya kiyaye. Ki je, ki zama abin alfahari. Roƙona ɗaya: ranar Alhamis bayan la'asar zan zo, ki fito ki gaya mini maganarki ta yau da bakinki, ko da mai ɗaci ce.

Gyaran injin layin umarni ɗaya ne: kafin ya karanta, a umarce shi ya goge abin da ke aljihunsa. Na rubuta, ya goge nan take. Na gwada a kaina tun shekaranjiya, ya ƙi.

Naki, ko kin tafi ko kin tsaya, har ranar da numfashi zai ƙare,
Muttaka