Mashin ɗin Sakatare Ya Ɗau Zafi

Hayin Dogo, Samaru,
Litinin, 7 ga Yuli, 2003.

Zuwa ga Nwankwo bakanike, Sabon Gari.

Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya, kai da Madam Clementina da yara. Gaisuwar ta zama dole ne don tun firamare muke tare, amma raina a ɓace yake. Na ba Shehu direban bas wannan takarda ya kawo maka, domin in na zo da ƙafata ban san abin da zai fito daga bakina ba.

Mashin ɗina lafiyarsa ƙalau na kawo maka. Abin da na ce kawai ka ƙara masa ƙarfi, don na gaji da yaran jiya suna wuce ni a hanyar Shika in na ɗauko buhu. Ka faɗaɗa silinda, ka sa babban fistin, ka buɗe salansa, ka ce da ni, "Yanzu kam sai dai ka ji tausayinsu." To yau ni ake jin tausayi. In na yi tafiyar minti goma sai injin ya ɗau zafi har ina jinsa a ƙwaurina. Ranar Asabar ya mutu mini a tsakiyar titi, ga fasinja, ga buhun masararta. Matar ta sauka tana zage-zage, ni kuma na turo mashin har bakin kasuwa a gaban mutanen da nake rubuta sunayensu a rajista.

Ka san ni ne sakataren ƙungiyar 'yan acaɓa ta tasharmu, kuma ni na jawo maka su, mashin sama da arba'in. Da bakina na ce musu duk Zariya babu kamarka. Yanzu ana cewa kayan jabu kake sa wa mutane. Ranar Asabar 19 ga wata za a zauna a kanka, kuma abin da ake shirin yi shi ne a hana duk ɗan tasharmu kai maka aiki. Ni na shigar da ƙarar.

Ka huta lafiya.
Abdulhafiz Tanimu.

Sabon Gari,
Laraba, 9 ga Yuli.

Malam Abdulhafiz,

Ina gaisuwa. Clementina tana gaishe da matarka Zubaidatu, ta ce faɗanmu bai shafe su ba.

Jabu? Ni? Shekara ashirin da biyu ina riƙe da sifana a wannan rumfa, kafin ni babana ne a ciki. An ce ina da tsada, an ce ina da baƙar magana, duk na yarda. Amma babu wanda ya taɓa cewa na sa masa jabu sai kai, da muka ci duka a hannun malami ɗaya. Na karanta takardarka sau uku, ranar ko abinci ban iya ci ba.

Ka tuna abin da na gaya maka ranar da ka zo ɗauka, kana ta duba agogo. Na ce inji mai ƙarfi ya fi cin mai, ya fi kawo zafi. Shi ya sa na canza maka jet, wato ƙaramin bututun da mai ke bi a cikin kafireta, na sa mai faɗi. Na ce mako biyu ka bi shi a hankali, banda goyon biyu, banda buhu. Na ce kada kowa ya taɓa kafiretar nan. Ka ce, "Na ji, na ji." Ga shi da hannunka ka rubuta mini buhun masara.

Mutanen tasharku su ne rabin aikina, ka sani sarai. In suka janye, ban san yadda zan riƙe rumfar nan ba. Saboda haka kafin ku yanke mini hukunci, ka kwance fulogi ka naɗe a takarda ka ba Shehu. Kada ka goge shi, kada ka wanke. Yadda ya fito haka nake son ganinsa.

Naka,
Nwankwo.

Samaru,
Juma'a, 11 ga Yuli.

Nwankwo,

Salamu alaikum. Ga fulogin nan, ka duba har ka gaji. Fari ne tas, ko ɗigon baƙi babu, wanda ke nuna maka irin kulawar da nake yi wa abin hawana.

Ban ji daɗin yadda ka mayar da laifin kaina ba. Buhu ɗaya ne, kuma don buhu na kawo maka aikin tun farko. In mashin ba zai ɗauki kaya ba, me ya rage masa, kai amarya? Shekara tara ina wannan sana'a, ba yau na fara hawa ba. Duk tasha babu mai tsaftar mashin kamata. Ga damina, ga taɓon hanyar Hayin Dogo, amma da farar shadda nake fita in dawo da ita fara, ka tambayi kowa. Kuma duk sanda ya ɗau zafi ba na barinsa haka, nan take nake sayen ruwan leda, fiya wata, guda biyu in kwarara wa injin har ya daina hayaƙi. Ka gaya mini wane direba ne ke yi wa mashin ɗinsa wannan gatan.

Maganar kafireta kuwa, ni ban san komai a kai ba.

Zama yana nan ranar Asabar ta sama, ƙarfe huɗu bayan la'asar, a rumfar tasha. In kana da abin faɗa ka zo ka faɗa.

Wassalam.
Abdulhafiz, Sakatare.

Sabon Gari,
Alhamis, 17 ga Yuli.

Abdulhafiz,

Ina gaisuwa, amma a gajarce.

Fiya wata. A kan inji mai zafi. Da na karanta wurin sai da na ajiye takardar na fita waje na zagaya. Kai, Allah ne kawai ya tsare silindar nan ba ta tsage ba. Ƙarfe in ya yi zafi a inuwa ake ajiye shi ya huce da kansa. Daga yau ruwan nan ka sha abinka.

Fulogin da kake alfahari da shi, farin nan ba tsafta ba ce, yunwa ce. Na inji mai lafiya ruwan ƙasa yake fitowa, kamar ƙuli-ƙuli. In ya yi fari, mai ne ba ya isarsa, iska ta yi yawa, injin yana ƙona kansa.

Jiya na rufe rumfa na hau bas na zo Samaru. Na tarar ka shiga sallar azahar, mashin ɗinka yana ƙofar masallacin kasuwa, na tsuguna na dube shi. Duk kafiretar da na ɗaure ina ɗiga wa kan sukurorinta jan farcen Clementina, ja wur, don in san ko wani ya shiga bayana. Naka an fasa, har sukudireba ta ci kan sukuru ɗaya. Ban sha wahala ba wajen gano bakaniken da ya yi aikin, yana gindin bishiyar da ke kallon tasharku. Ya ce ranar da layin gidan mai ya kai titi ka zo ka ce a rage masa shan mai, ya cire jet ɗina ya mayar da ƙarami. Kana tsaye a kansa aka yi.

Sannan na ga sirrin farar shaddarka. Tabarmar roba ta ƙasan mota ka yanka ka ɗaure a gaban inji, daga ƙarƙashin tanki har ƙasa, don taɓo kada ya taɓa maka wando. Malam, wannan injin ba shi da ruwa, ba shi da fanka. Iskar da ke dukan haƙarƙarin silinda in kana tafiya ita kaɗai ke sanyaya shi. Ka hana shi mai, ka toshe masa iska, ka ɗora masa buhu, sannan ka kai ni ƙara.

Ga jet irin wanda na sa maka da farko, na naɗe a leda. A mayar da shi, ka kwance tabarmar, ka zuba sabon baƙin mai, ka je Shika ka dawo.

Ranar Asabar ba zan zo ba. In na zo dole in faɗi wannan duka, kuma mutum arba'in za su yi wa sakatarensu dariya har ƙarshen shekara. Ba zan yi maka haka ba. Kai ka shigar da ƙara, kai za ka tashi ka janye. Ko dalili ba sai ka ba su ba, ka ce mun daidaita.

Nwankwo.

Samaru,
Lahadi, 20 ga Yuli.

Nwankwo,

Salamu alaikum, da fatan kun tashi lafiya.

Na yi duk abin da ka ce tun ranar Juma'a. Na je Shika na dawo, na sake komawa. Ko sau ɗaya bai ɗau zafi ba, kuma babu wanda ya wuce ni.

Jiya an zauna. Na shiga da niyyar janyewa, wallahi da ita na shiga. Sai shugaba ya buɗe taro da yabona, ya ce ga sakataren da bai rufa wa abokinsa asiri ba saboda 'yan tasha. Aka yi ta tafi. Ina ta kallon titi ko za ka sauko daga bas ka tona ni in huta, ba ka zo ba. Da aka ce ko akwai mai magana, ban tashi ba.

An hana kawo maka aiki har shekara guda. Takardar hukuncin tana cikin wannan ambulan. Ina jin kunya.

Abdulhafiz.

Sabon Gari,
Talata, 22 ga Yuli.

Malam Sakatare,

Ina gaisuwa. Takardar ƙungiya ta iso, na kuma gane rubutun hannunka.

Injin bai gama zama ba tukuna. Bayan kilomita ɗari biyar a sake canza baƙin mai, a duba fulogi, a ɗaure kan silinda. Kada ka wuce haka. Ka nemi mai hannu mai kyau ya yi maka, tunda ni an hana ka zuwa wurina.

Ka gaishe da Zubaidatu. Ba sai ka ba da amsa ba.

Nwankwo, bakanike.