Harshen Jansurat

Lahadi, 3 ga Yuni, 1984
Jikata ta zo! Ɗana Toktar ya dawo daga birnin Nalchik da iyalinsa. Sunanta Zuriyat, shekara uku, hancina sak. Na ce da ita da harshenmu, "Zo wurin kakanki," ta amsa da Rashanci. Ba komai. Ni da na koyi rubutu a ajin yamma ina da shekara arba'in, ba zan kasa koya mata ba.

Laraba, 13 ga Yuni
Na ɗauko tsohon littafina. Üy, gida. Üyüm, gidana. Üyübüz, gidanmu. Üyden, daga gida. Na maimaita har maƙogwarona ya bushe. Zuriyat ta yage shafi ta ba akuya.

Asabar, 23 ga Yuni
Uwarta Jansurat malamar harshenmu ce, amma tana riƙe mini harshe kamar kowace surukar kirki: ba ta magana inda nake sai ranar da na buɗe mata baki da kyauta. Shekara huɗu ke nan. Matata Kulina ta ce, "Malam, kana zaune a ɗaki wuni guda, uwar ta yi gum, uban na zuba Rashanci. A bakin wa yarinyar za ta ji? Na akuya?" Na ce ita shekara bakwai ta riƙe wa babana, muna can Kirgiziya inda aka kai mu da ƙarfi. Da aka raba mu da duwatsunmu, wannan al'adar muka tafi da ita. Ba zan saki al'adar ba.

Talata, 3 ga Yuli
Na dawo daga yankan ciyawa, na ji su a madafa. Jansurat tana murza ƙullin hichin, gurasarmu mai cuku, tana cewa, "Hannuna, hannunki, hannunmu," yarinyar tana bi da harshenmu, tana dariya. Na taka ƙofa. Tsit. Zuriyat ta dubi uwarta, ta dube ni, ita ma ta rufe baki da hannu.
Ban ci abinci ba.

Juma'a, 6 ga Yuli
Ragon nan dama ya isa yanka, ba don wani ba. Mayafin mahaifiyata ma ya daɗe a ajiye, asu zai ci. Na ɗora wa Jansurat a kafaɗa na ce, "Yi magana, 'yata." Abin da ta fara cewa: "Baba, akwai kuskure biyu a littafinka." Ɗaya ne kawai, ba biyu ba. Tun azahar gidan bai yi shiru ba. Na aika wa maƙwabcina Hizir da duk unguwa: gobe akwai nama, kowa ya zo ya ji jikata!