Motar da Ba Ta da Kujerar Baya

Zuwa ga Mamana,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Na san inda kike babu ciwon ƙafa, babu hawan jini, don haka ba zan tambaye ki jiki ba. Mu nan Kafanchan muna lafiya. Ruwa ya sauka sosai bana, citta ta yi kyau a wajen Kachia. Rufin ɗakinki na Zonkwa ne dai ya fara yoyo, Kawu Bitrus ya ce zai duba.

Da kina raye da tuni labarin ya riga ni isowa, don haka bari in faɗa miki da kaina. Mama, na sayi mota mai kujera biyu. Ja ce, ƙofa biyu, gajera kamar ta kwanta a kan titi. Daga ni sai mutum ɗaya. Babbar motar nan tamu mai layi uku na sayar da ita.

Kin tuna yadda aka yi muka saye ta. Aurena da Ishaya ya yi shekaru babu haihuwa, sai wani baƙon fasto ya zo taron farkawa ya ce duk mai neman 'ya'ya ya shirya musu wurin zama da bangaskiya. Wasu suka sayi gadon jariri. Mu muka sayi mota. Kika zo tun daga Zonkwa da sandarki, kika ɗora hannu a kan kujerun baya ɗaya bayan ɗaya, kina cewa, "Ubangiji, ka cika su da surutu." Na ce amin har muryata ta dishe.

Sun kuwa cika, Mama, amma da 'ya'yan mutane. Da safe yaran unguwa zuwa makaranta. Ran Lahadi matan zumunta da tukwanen kiɗa da goyo. Biki, jana'iza, asibiti, duk motar Anti Rifkatu ce. Kuma duk wadda za ta sauka sai ta dafa kafaɗata ta ce, "Naki na nan zuwa." Da yamma ni ce mai share ɓurɓushin biskit, ni ce mai tsince safa guda da aka manta a ƙarƙashin kujera.

Ba inda ban je ba, kin sani. Asibitocin Jos, na Kaduna, azumi, jiƙe-jiƙen da kika riƙa aiko mini a galan, masu ɗaci kamar me. Har kika tafi ba ki fasa ba. Maganarki ta ƙarshe gare ni a kan wannan ita ce, "Kada ki gaji, 'yata." To Mama, na gaji. Na gaji har cikin ƙashina.

Ga abin da ya ƙarasa ni. Kin san Murna, 'yar maƙwabciyarmu, wadda nake ɗaurawa a kujerar baya da kwanon abincinta in kai ta firamare. Watan jiya ni na ɗauko ta daga asibiti da jaririnta a hannu, a kan wannan kujerar dai. Da muka iso gida ta sauka a hankali, ta dube ni da tausayi, ta ce, "Anti, naki na nan zuwa." Ni da furfura ta cika mini kai! Na kashe mota, na kasa fita. Ban yi kuka ba ma, zama kawai na yi har cikin motar ya yi zafi.

Da na je Kaduna wani aikin ofis, na ga jar motar nan a wajen masu sayar da motocin tokumbo. Na leƙa ta taga, na ga bayan direba babu komai, babu wurin da zai zauna yana kallona. Na kira Ishaya na faɗa masa abin da nake so in yi. Ya ce, "Yadda kika gani."

Ba zan yi miki ƙarya ba, motar nan ba ta Kafanchan ba ce. Duk tudun da aka yi a kan titi sai ta goga ciki, ni kuma in ce wayyo kamar nawa cikin aka goga. Rami kuwa sai in tsaya in yi shawara da shi tukuna, masu acaba na wuce ni suna dariya. Idan na ɗaura ɗankwali na Lahadi sai ya tokare rufi. But ɗinta, wurin kaya na baya, ko rabin buhun masara ba ya ɗauka, ran kasuwa doya ce ke zama kusa da ni kamar baƙuwa. Makanike ya buɗe gabanta, ya rufe, ya ce, "Madam, ki dai riƙa addu'a." Fita daga ciki ma sai na dafa ƙofa, gwiwa na ƙara. Duk da haka, Mama, ina zuwa aiki in dawo ba tare da wani ya yi mini alkawari a madadin Allah ba.

Magana kam na sha ta. Shugabar zumunta ta ja ni gefe bayan sujada ta ce, "Rifkatu, ke ce za ki rufe wa Ubangiji ƙofa?" Mahaifiyar Ishaya ta zo daga Kagoro, ta zagaya motar, ta manna fuska a gilashi, ta ce, "To jikokina a ina za su zauna?" Ba faɗa ta yi ba, hawaye ne a idonta, shi ya sa ya fi ciwo.

Amma duk wannan bai dame ni kamar shirun Ishaya ba. Ya ƙi shiga motar. Da safe sai ya tari acaba zuwa makarantar da yake koyarwa, ran Lahadi ya riga ni fita da ƙafa. Yana cin abincina, yana gaishe ni, amma ba ya duban inda take. Tsoro ya kama ni, Mama. Na fara tunanin ko jiran nan ne kaɗai yake riƙe da aurenmu, ni kuma na je na sayar da shi.

Ran Asabar da ta wuce ina wanke ta da rana, sai ga shi da takalmin fita. Ya buɗe ƙofa, ya naɗe dogayen ƙafafunsa ya shiga, har ya buga kai. Ya ce, "Kai ni Kagoro wurin Mama." Muka kama hanya. Da duwatsu suka fara bayyana, sai ya miƙa hannu ya taɓa madubin tsakiya, ya ce, "Kin san me ya sa kullum kike mini faɗa na ɓata miki madubi a waccan motar? Sama nake juya shi, don kada in ga kujerun nan." Na rage gudu. Ya ce, "Na ɗauka ke ce kike so mu ci gaba da jira. Kwanakin nan makoki nake yi, Rifkatu. Na gama."

Na tsaya a gefen hanya kusa da masu gasa masara, muka yi kukan da ba mu taɓa yi tare ba. Ashe ni ina daurewa dominsa, shi yana daurewa domina, shekara da shekaru.

A Kagoro ya durƙusa gaban mahaifiyarsa ya ce, "Mama, mu biyu ne, kuma gida ne. Ki sa mana albarka haka nan." Ta daɗe tana kallon ƙasa. Daga baya ta ɗora hannu a kansa, ta miƙo ɗayan ta ɗora a nawa.

Saura ke, Mamana. Na san yadda kika so ki goya nawa, har zanen goyon kika ajiye a akwati. Ki yi haƙuri, ban kawo miki ba. Ban bar Allah ba, jiran ne na bari. Da kina nan da na durƙusa a gabanki ni ma, ko da za ki yi mini tsaki tukuna kafin ki miƙo hannun.

Ubangiji ya ci gaba da ba ki hutawa a wurinsa. Mu ma ya ba mu tamu tun muna nan, ya riƙe mu biyun nan har ranar da za mu iske ki. Amin.

Taki,
Rifkatu