Bangon da Hajiya za ta dafa

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku masu karantawa. Allah ya sa na same ku lafiya. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kafin a zage ni a daure a karanta har ƙarshe. Da girmana na shiga makarantar manya na koyi rubutu, in kun ga kuskure ku yi haƙuri. Abin da ke cina a rai ba ni da wanda zan faɗa wa a gida, shi ya sa na kawo shi nan.

A Suleja muke, can bayan gari. Maigidana direba ne a wani kamfanin gine-gine a Abuja. Lokacin da muka taso daga garinmu haya ta gagare mu, sai kamfanin suka bar masa wata tsohuwar kwantena, irin wadda ake ɗorawa a babbar mota a kai wurin aiki, jikinta duk ƙarfe, cikinta an lulluɓe da katako. A cikinta na goyi ƙananan yarana. Daga baya Allah ya hore muka yi ɗaki biyu a gefenta, ta zama wurin ajiye tarkace. Bana mahaifiyar maigidan, Hajiya, idonta ya yi rauni sosai, ya ce zai ɗauko ta ta dawo wurinmu, a gyara mata kwantenar. Katakon ciki duk ruwa ya cinye shi, in ka danna yatsa sai ya lotsa, dole a ɓamɓare a sa sabo.

Babban ɗana, Yaya ƙannensa ke ce masa, ya haura ashirin. An kai shi koyon gyaran mota ya gudu, an kai shi ɗinki ya gudu, sai a wurin kafinta ya ɗan zauna. Shi da babansa ko gaisuwar kirki ba sa yi. Ni ce na yi ta roƙo a ba shi aikin nan. Maigidan ya ce, “Yaron da ko ƙofar bayi bai iya gyarawa ba?” Na ce, “Ka gwada shi dai, Malam, ko sau ɗaya.” Ya ce, “Zan gwada. Amma kafin a rufe bangon sai Malam Sani mai gyaran wuta ya zo ya duba wayoyin nan, sun tsufa. In ya ɓata min wannan, ki sani na gama da shi.” Na ce to.

Wallahi yaron nan ya yi aiki. Ya ciccire tsohon katakon, ya kankare tsatsa, ya jera sababbin sanduna, ban taɓa ganin ya nutsu haka ba. Malam Sani kuma aka ce ya tafi wani aiki Gawu Babangida, ba a san ranar dawowarsa ba. Yaya ya ce, “Umma, wayoyin nan lafiyarsu lau, in na tsaya jiransa Baba zai ce lalaci ne.” Na ce ya ci gaba. Da yamma maigidan ya dawo ya tambaye ni ko Malam Sani ya zo, bakina ya ce, “Ya zo, ya ce babu matsala.” Har yau ban san yadda maganar ta fita ba. Me ya sa ban ce ya yi tafiya ba? Me zai ci ni in na faɗi haka?

Washegari ina wanki a tsakar gida aka kawo wuta, sai na ji wani tas daga cikin kwantenar, na ji guduma ta faɗi. Na shiga na tarar da shi ya jingina da ƙofa yana yarfa hannu, wurin yana ƙaurin roba. Ƙusa ce ya buga ta huda waya a bayan katakon. Na ce ya ɓalle allon a duba. Ya ce ya riga ya rufe gefen gaba ɗaya, ƙusoshin da yawa, bai san wacce ce ba, kuma ai ga ƙwan fitila yana ci, ke nan wayar ba ta tsinke ba. Ya riƙe min hannu ya ce, “Umma, don girman Allah kar ki faɗa masa. Ni zan gyara, ki ba ni lokaci.” Ɗan da rabon da ya riƙe hannuna tun yana firamare. Na yi masa alkawari.

Lokacin bai samu ba, domin a ranar maigidan ya shigo da bokitin fenti. Ya zagaya ɗakin yana shafa bangon da tafin hannunsa, ya ƙwanƙwasa nan ya ƙwanƙwasa can, sai ya juyo ya ce, “Kai ka yi wannan? Kai kaɗai?” Yaya ya ce e. Ya ce, “Ashe dai akwai kai a wuyan nan. Ɗauko buroshi.” Su biyu suka yi fentin, ina jin su daga kicin suna gardama a kan wanda ya fi ɗiga a ƙasa. Na tsaya da ludayi a hannu ina hawaye, ban san na daɗi ne ko na tsoro ba. Yanzu har ya yi wa ogansu magana za a ɗauke shi aikin kafinta a kamfanin.

Ni kuwa na fara sa rai ko abin ya wuce, sai ranar da aka yi ruwa. Na je share ɗakin ba takalmi, hannuna a jiƙe, ina kama mariƙin ƙofar sai wuta ta fizge ni har cikin haƙorana, na zube a kan gwiwa. Ban yi ihu ba, tsoron kar a ji. Katakon ba ya ja, amma ƙofar da ƙarfen taga da duk inda ƙarfe ya fito, in ƙasa ta jiƙe ja suke. Tun ranar na cire fis ɗin da ke kai wuta can na ɓoye a cikin tukunya. Maigidan ya tambaya, na ce kuɗin mita nake tattali tunda ba kowa a ɗakin. Ya ce na yi dabara. Yara kuma na hana su zuwa wajen, na ce akwai kunama. Ƙarya ɗaya na yi, ga shi kullum sai na yi mata ƙanwa.

Na gwada gyarawa a ɓoye, kar ku ce ban gwada ba. Na kira wani mai gyaran wuta daga Sabon Wuse ranar da maigidan yake wurin aiki. Ya sa ɗan abin gwajinsa a ƙofar, ya kalle ni ya ce, “Madam, wannan ba wasa ba ne o. Sai an buɗe gefen nan duka. Kar ki bar kowa ya kwana a nan.” Buɗe gefen kuwa yana nufin fasa katako da sake fenti, ba aikin da za a gama kafin la'asar a ɓoye ba ne. Na ce zan neme shi. Yanzu ma maigidan ya ɗauki hutu, yana gida, ya sayo fanka da ƙaramin firji ya ajiye su a ɗakin, jiya yana cewa in fito da fis ɗin a gwada. Na ce na manta inda na sa. Ya ce in tuna kafin Juma'a, kuma in Malam Sani ya shigo masallaci zai yi masa godiya.

Na sami Yaya na ce, “Ɗan nan, mu je tare mu faɗa masa, ni zan fara magana, ai ni na yi ƙaryar.” Ya ce, “Ke zai yi fushi ya huce. Ni fa? Umma, jiya da ya tashi tafiya masallaci ni ya ce in zo mu tafi. Kin taɓa ganin haka?” Ban taɓa gani ba. Ya ce in na faɗa, ba zai tsaya a kore shi ba, da kansa zai bar garin. Na san halinsa kuma na san halin ubansa, a cikinsu ba mai yin magana ya janye.

Ranar Asabar za a je ɗauko Hajiya. Matar nan ba ta taɓa ɗaga min murya ba, ita ta yi min wankan jego na fari. Ba ta sa takalmi a ɗaki, tana yawan alwala, kuma tun da idon ya tafi da laluben bango take tafiya. Ɗazu da safe maigidan ya kira ta a waya ya sa muryar a bayyane, yana ba ta labarin fanka da firji. Ta yi dariya ta ce, “Wai mijin nawa ne ya yi min ɗakin? Wannan malalacin? To ku ce masa na fasa sakinsa.” Yaya yana tsugune a gefe, ya sunkuyar da kai. Sai ta ce a ba ni, ta ce, “'Yar nan, kar ku wahalar da kanku da kaya. Ni dai in akwai bangon da zan dafa in kai ƙofa, ya ishe ni.” Na ce, “Akwai, Hajiya.”

Na san ba zan bari ta shiga ɗakin nan da wuta a jikinsa ba, wannan ko me zai faru. Amma dabarar ɓoye fis ta ƙare, kuma ban ga hanyar da zan tsare tsohuwar nan ba tare da na rasa ɗana ba. In faɗa wa maigidan ni kaɗai, in karya alkawarin da na yi wa yaron? In ɗauki laifin duka in ce ni na buga ƙusar, wa zai yarda? Ko in nemi wani babba da maigidan ke jin nauyinsa ya zauna a tsakani, asirin gidana ya fita waje? Iyaye mata da ke nan, da ku maza da kuka san zuciyar uba, fis ɗin yana cikin tukunya, Juma'a ta matso. Me zan yi?