Ni Na Kashe Antibairos, 'Yata Ta Ɗauki Laifin

Assalamu alaikum. Ina gaida mai kula da wannan shafi da masu karatu. A sakaya sunana, kuma don Allah a kai ƙarshe kafin a yanke mini hukunci.

Ranar Laraba ce, ƙarfe goma da kwata na safe, a zaurena da ke Gumel, daga ni sai aminina, wanda zan kira Malam Sabo. Ni tsohon hedimasta ne, na yi karatu a hannun 'yan mishan, inda ake zane yaro saboda ɗigon tawada ɗaya. Shi kuwa Malam Sabo ya daɗe yana bin dattawan Ɗanzomo da Gagarawa da Maigatari a kan babur, yana rubuta tarihin rijiyoyi da asalin unguwanni. Da idanunsa suka raunana, ya damƙa mini littattafansa bakwai in buga a kwamfuta. Duk wanda na gama sai in ƙone shi, domin ba na iya zama da takarda mai goge-goge. Ya hana ni, na ce masa kwafi mai tsafta ya wadatar.

'Yata Binta ce ta sa mini manhajar tsaro, wadda ake kira antibairos. Na ce mata ni jarida nake karantawa da hasashen damina, ba na shiga wuraren banza, me zan yi da mai gadi? Ta ce, “Baba, ai ɓarawo ba ya tambayar halin maigida.”

A ranar nan ina neman tsohuwar taswirar ƙasar Gumel, na same ta a wani shafi. Sau uku manhajar tana tare ni tana ƙara. Ni da na shekara talatin babu mai katse mini magana, na'ura ce za ta tsawata mini? Malam Sabo ya ce, “Hedimasta, me ke kuka haka?” Na ce, “Rashin ladabi ne kawai.” Na kashe ta a gabansa, shi ba ya gani, na sauke taswirar. Kafin azahar, cikin duk abin da na buga babu shafi ɗaya da ke buɗewa. Na kai wa mai gyara kwamfutar ni kaɗai, ya ce bairos da ya shigo tare da taswirar ya kulle komai, babu dabara.

Da Malam Sabo ya tambaye ni, sai na ji bakina ya ce, “Abin da Binta ta sa ne bai yi aiki ba.” Ni! Ni da nake sa yara su durƙusa a rana kan ƙarya! Binta ta zo daga Sule Tankarkar, ta durƙusa gabansa tana hawaye. Ya ce, “Tashi, 'yata, ƙaddara ce.” Ina zaune ina kallo, na bar ta da laifin. Tun daga nan na kasa zama wuri ɗaya, in shiga zaure in fito, in ɗauki Alƙur'ani in kasa wuce shafi. Idan na faɗa, da wane ido za su dube ni? Idan na yi shiru, da wace fuska zan tsaya gaban Allah?

Dattawan sun rasu. Littattafan sun zama toka. Binta ta daina shiga zaurena.

Me zan yi?